Da kwancen kaya na tayar da sashen kakanmu

Tun da aka sa ranar aurena maganar muhalli ta hana ni barci. Na zaga neman haya har takalmina ya cinye, ɗaki biyu da falo kuɗin da ake faɗa sai ka rantse sayar maka za a yi, ga na dillali kuma a gefe. Ƙarshe Hajiya kakata ce ta ce min "kai maigida, sashen marigayi yana nan a kulle ɓeraye na ta biki a ciki, kai kana can kana yawon neman inda za ka ajiye min kishiya." Shikenan magana ta ƙare.

Gidan namu a cikin badalar Kano yake, ginin ƙasa ne na tubali da rufin azara, bangon nan kaurinsa ya kai kamu guda. Birkilan da na fara kawowa ko zama bai yi ba ya ce a rushe a sa bulo. Lokacin kuwa farkon 2024 ne, buhun siminti ya haura naira 10,000, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi har kuɗin tifar yashi. Da ya gama lissafi na ce masa zan neme shi, har yau ban neme shi ba.

Sai aka haɗa ni da wani dattijo magini wanda a da shi ke yi wa gidan yaɓe. Baba ya shigo da 'yar sandarsa yana ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne kamar likita, ya ce "yaro, ɗakin nan ya fi ka lafiya, guda 4 ne kawai suka gaji." Azara daga giginya ake tsaga ta shi ya sa gara ba ta cika samun yadda take so da ita ba, inda ruwa ya daɗe yana zama ne kawai take ruɓewa. Guda huɗun ma ba sababbi muka saya ba, a bayan layinmu ana rushe wani tsohon gida za a yi shaguna, azarar na zube a ƙasa masu ƙosai na jiran su yi makamashi da ita, na je na yi magana aka sallama min a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Wallahi abin ya ɗan taɓa min zuciya, itacen da ya riƙe rufi tun kafin a haifi babana.

Tagogi da ƙarafunan kariya kuwa kasuwar Ƙofar Ruwa na nufa. In za ka je can ka tafi da awonka a rubuce da tef a aljihu, kuma kar ka sa shaddarka ta Juma'a don da kayan jikinka ake yanka maka farashi. Na taya aka ce albarka, na yi kamar zan tafi aka kira ni, haka dai har muka daidaita a kan tagogi 3 na ƙarfe masu nauyi irin na da, mai walda ya gyara min ɗaya, na kankare tsatsa da kaina na shafa fenti. Katako kaɗai na saya sabo a 'Yan Katako ta Na'ibawa, shi ma sai da na sa aka shafe shi da baƙin mai saboda gara. Tayil ragowar aikin wani abokina ne, na falo daban na ɗaki daban, tsakar gida kuma fasasshe aka jera, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ado ne. Kayan ɗaki dai alhamdulillahi ba ruwana, wannan na iyayen amarya ne.

Amma fa na sha ƙasa sau biyu. Na farko kwancen kwanon da na saya don rumfar kicin a wajen wani mutum da magariba, ban ɗaga shi na duba a rana ba, ashe duk hudar ƙusa ce, ruwan Agusta na sauka kicin ya koma rariya, sai da muka bi huda ɗaya-ɗaya da kwalta. Na biyun ya fi ciwo don taurin kaina ne. Na dage sai an yi wa bangon waje filastar siminti ya yi kyau a idon dangin amarya, Baba ya ce "ƙasa numfashi take yi, in ka toshe ta danshi zai taru a ciki ya turo simintin waje," ni kuma na ga kamar maganar tsofaffi ce kawai. Damina ɗaya filastar ta kumbura ta fara ɓantalewa faifai-faifai. Da ya dawo bai ce min komai ba, makuba kawai ya sa aka nemo, wadda ake yi da ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ya sake yaɓen yadda ya so tun farko. Shirun nan nasa ya fi min zagi zafi.

Abu ɗaya da ban taɓa ba shi ne ƙyauren sashen, wani baƙin katako mai manyan ƙusoshi da sai ka sa kafaɗa yake buɗuwa. Har na yi cinikin ƙofar ƙarfe 'yar Chana Hajiya ta ce in na cire shi in haɗa da ita in kai wa 'yan gwangwan. Yana nan, man ja kawai na ɗiga masa ya rage kuka. Ya rage dai amma bai daina ba, duk daren da na wuce ƙarfe 10 a majalisa da safe sai Hajiya ta tare ni da "maigida, jiya a ina aka tsaya?"