Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Daren da Sanyi ya Kashe Wutar Texas

Makon jiya na tsaya a kan yadda korona ta tsare Hajiya, mahaifiyar maigida, a wurinmu a Houston, birnin da ke jihar Texas ta Amurka. Ta zo wankan jegon Auta ne da niyyar komawa Katsina, sai ga shi Fabrairun 2021 ta same ta tare da mu.

Tun kafin ƙarshen makon ake ta shela cewa sanyi na tafe daga arewa. Houston gari ne na zafi da gumi, abin da aka saba tsoro shi ne guguwar teku da ambaliya, don haka tanadinmu bai wuce burodi da madara da katan ɗin ruwa ba. Daren Lahadi, 14 ga wata, ƙanƙara ta fara sauka. Wajen ƙarfe biyun dare, wayewar Litinin, aka ɗauke wuta.

Hajiya ko a jikinta. Ta ce, "To mene ne abin tashin hankali? Mu da muka tsufa cikin ɗauke wuta."

Maigida bai ce mata komai ba, tocila kawai ya ɗauka ya nufi na'urar ɗumama gida. Da gas take aiki, amma fankar da ke hura ɗumin cikin ɗakuna sai da lantarki, saboda haka ta mutu murus. Gidajen can kuma katako ne da allon siminti mara kauri, an gina su ne don su fitar da zafi. Kafin Azahar muna magana hayaƙi na fita daga bakinmu a tsakar falo. An ce za a riƙa ɗaukewa ana maidowa unguwa-unguwa. A layinmu dai shiru.

Daga baya muka ji dalili. Rijiyoyin gas da bututunsa sun daskare, tashoshin wuta suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, daidai lokacin da kowa ya ƙure na'urar ɗumamarsa. Yawancin Texas kuma layin wutarta daban yake da na sauran Amurka, ba ta da hanyar jawo mai yawa daga maƙwabta. Gidaje da shaguna sama da miliyan huɗu suka shiga duhu, kuma an ce saura minti huɗu da 'yan daƙiƙu layin ya durƙushe gaba ɗaya.

Da yamma Hajiya ta kira ni. "Ke 'yar nan, ba na ga buhun gawayi a gareji ba, wanda kuke gasa nama? Ki zuba a tukunyar ƙarfe ki kawo ɗaki, yaran nan za su sandare."

Maigida ya durƙusa gabanta. "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan kam ba za a yi ba."

"Kai da kaskon wuta na rene ka!"

Ya lallaɓa ta. Ya ce ɗakinta na Katsina iska na shiga ta ƙasan ƙyaure da tagogi, nan kuwa ko'ina a toshe yake. Gawayi yana fitar da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi. Mutum zai ji ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Ranta bai so ba, ta juya kai tana jan carbi. Washegari muka ji a rediyon mota cewa wata mata da ƙaramar yarinya sun rasu a nan Houston, an bar mota a kunne cikin rufaffen gareji don a samu ɗumi. Ɗaruruwa kuma aka kwasa asibiti a gundumar Harris, inda Houston take, saboda gawayi da janareta a cikin gida. Hajiya ta yi salati, ba ta sake tada zancen ba.

Abin da ya cece mu shi ne ɗaki ɗaya. Muka zaɓi mafi ƙanƙanta, mai taga guda, muka jawo katifu muka haɗa. Na cusa tawul a ƙasan ƙofa, maigida ya kafa bargo a taga da ƙusa. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar asalin Meziko, ta ƙwanƙwasa ta miƙo mana tantin da jikokinta ke zuwa daji da shi, ta ce mu kafa a kan katifar mu sa yara ciki. Na ɗauka wasa take, ashe numfashin mutum uku a cikin tanti ɗumi ne na gaske. Kowa ya saka kaya hawa-hawa, safa biyu, hular sanyi har kunne. Auta kuwa a ƙirjina ya kwana, fata da fata, na lulluɓe mu da zanen goyo.

Murhunmu na gas ne, Allah Ya taimake mu, da ashana yake kamawa. Girki kawai muke yi a kai mu kashe, tagar kicin a ɗan buɗe. Na dama kunun gyaɗa, na dafa shayi da citta da kanumfari, sauran ruwan zafin na ɗura a goruna, na zura kowace cikin safa na tura ƙarƙashin bargo wajen ƙafafun Hajiya. Rigimarmu da ita ta koma kan alwala. Ruwan famfo kamar reza, ita kuma ta ce ba ta taimama alhali ga ruwa. Dole na riƙa ajiye mata ruwan ɗumi a fulas saboda Asuba.

Safiyar Talata sanyi ya kai kusan digiri 10 ƙasa da sifili. An buɗe babban zauren taro na George R. Brown don masu neman mafaka, wani mai shagon kujeru da ake kira Mattress Mack shi ma ya buɗe nasa, mutane suka kwana kan kujerun sayarwa. Mun yi shawarar tafiya, amma titi santsi ne zalla, ga korona, ga tsohuwa da jariri. Muka haƙura. Jihar ta ce mutum 246 ne suka rasu a wannan sanyi.

Ranar Laraba da dare fitilar kicin ta kawo, yara suka kwashe da ihu. Murnar ba ta je ko'ina ba. Bututun ruwan gidajen Houston ta cikin silin suke bi, namu ya daskare ya tsage tun Litinin ba mu sani ba. Da gidan ya fara ɗumi, sai silin ɗin falo ya kumbura ya ɓalle, ruwa ya zubo kan akwatunan tsarabar Hajiya. Yadda muka kwashe da mai gidan haya, da layin neman mai gyaran famfo, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.