Zama a Beljiyam, ƙasar da ke tafiya ko babu gwamnati

Na sauka a Beljiyam a ƙarshen 2019, lokacin ƙasar ba ta da cikakkiyar gwamnati. An yi zaɓe tun watan Mayu, jam'iyyu sun kasa daidaitawa, Sophie Wilmès na riƙon ƙwarya a matsayin firaminista. 'Yan uwa suka yi ta kirana suna tambayar ko lafiya, don a tunaninmu duk inda aka ce babu gwamnati, sai a saurari ƙarar bindiga. Ni kuwa ina ganin jiragen ƙasa na tashi, asibitoci a buɗe, yara na tafiya makaranta.

Mutanen ƙasar ko a jikinsu, sun saba. Bayan zaɓen Yunin 2010 sai da suka yi kwana 541 kafin Elio Di Rupo ya kafa gwamnati. Tushen abin shi ne harshe. Arewa na magana da harshen Holan, kudu na Faransanci, ga 'yan tsiraru masu Jamusanci a gabas, kuma kusan kowace aƙida tana da jam'iyya biyu, ɗaya a kowane ɓangare. Gwamnatin da Alexander De Croo ya kafa a Oktoban 2020 sai da ta haɗa jam'iyyu bakwai. Yayin da ake wannan ciniki, tsofaffin ministoci na ci gaba da ayyukan yau da kullum, majalisa na sakin kuɗi daidai da kashi ɗaya cikin 12 na kasafin bara ga kowane wata. Makarantu, gidaje da motocin haya na gari kuwa dama suna hannun gwamnatocin yankuna.

Gwamnatin da baƙo ke gani da idonsa ita ce ƙaramar hukuma, a Brussels kaɗai akwai guda 19. Can na je na yi rajista, bayan 'yan makonni ɗan sandan unguwa ya ƙwanƙwasa ƙofa don ya tabbatar a gidan nake kwana. Ya duba sunana a jikin akwatin wasiƙa, ya yi rubutu, ya tafi. Gabana ya faɗi da na ga kaki a bakin ƙofa, shi kuwa ko ruwa bai sha ba. Katin zama ya ɗauki lokaci, takarda kan takarda, wani ofis ya tura ka wani, amma ba wanda ya taɓa ce min in kawo na goro. Jinkirin na da cin rai, sai dai ka san layin da kake kai, ka kuma san zai zo kanka.

Mai shirin zuwa ziyara, yajin aiki ne zai fi ɓata masa tafiya. Tun da gwamnatin Bart De Wever ta hau a Fabrairun 2025 da shirin gyara tsarin fansho, ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ta tsayar da aiki, har a soke tashin jirage a filin jirgin Zaventem na Brussels da na Charleroi. Kyan abin shi ne ana sanarwa tun da wuri, don haka a duba kafin a yanki tikiti. Batun tsaro ma ba a ɓoye shi. Harin 22 ga Maris 2016 a filin jirgin Zaventem da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Maelbeek a Brussels ya ci rayuka fiye da 30, kuma hukuma na bayyana matakin barazana a fili, daga 1 zuwa 4.

Sai dai wannan tsari bai yi wa kowa adalci ba. Ni da biza na shigo. Waɗanda suka zo neman mafaka, musamman maza marasa iyali, na gan su suna kwana a bakin titi cikin sanyin hunturu, alhali doka ta ce a ba su masauki. Kotunan ƙasar sun yanke hukunci sau dubbai cewa a ba su, ba a aiwatar ba, har a 2023 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta samu Beljiyam da laifin ƙin bin hukuncin kotunanta. A waccan shekarar ta 2023 kuwa, akwai cikakkiyar gwamnati a kan kujera.