Wasiƙa daga Sheffield: majalisar da ke da zarto da guduma

Assalamu alaikum jama'ar Kano, manya da yara. Ina fata kuna lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da tsadar kaya. Mu ma nan Ingila lafiya lau, sai sanyi da yayyafin da ba ya gajiya.

Labarin wata 'yar ƙungiya ta masu aikin katako da nake zuwa a unguwarmu nake so in ba ku. Ba kafintoci ba ne, don babu ko ɗaya a cikinsu da ke ciyar da iyalinsa da zarto. Akwai tsohon direban bas, akwai malamin makaranta da ya yi ritaya, akwai wata dattijuwa ma'aikaciyar jinya, sauran kuma yawanci tsofaffin ma'aikatan masana'antun ƙarfe ne, tunda garin nan da ƙarfe ya yi suna, a nan ne ma aka gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913. Suna haɗuwa a wani tsohon gareji da suke haya, kowa ya ba da ɗan kuɗin mako wanda bai wuce na shayi da burodi ba, a biya haya da wuta, a sayi ƙusa da gam da sanfefa. Yawancin kayan aikin kyauta ne: mutum ya rasu, matarsa ta rasa yadda za ta yi da akwatin kayansa, sai ta kawo.

Irin wannan ƙungiya a Ostireliya ta fara, wajen shekarun 1990. Suka kafa uwar ƙungiya ta ƙasa a 2007, Ailan ta bi sahu a 2011, Birtaniya a 2013, yanzu kuma ɗaruruwa ne a ƙasar nan. Kaɗaici ne ya haife ta. Bature in ya bar aiki, 'ya'ya sun watse, mata ta rasu, sai ya yi mako guda bai yi magana da kowa ba in ban da mai kanti. Suka lura cewa namiji ba ya iya zama gaba da gaba ya faɗi abin da ke damunsa, amma in suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, wannan na riƙe da filanki wancan na yanka, maganar da kanta take fitowa.

Wannan ciwon kam ba namu ba ne. Mai ritaya a Kano zai ga mutane sau biyar a masallaci, ga ɗaurin aure, ga suna, ga jana'iza, ga majalisar ƙofar gida da ba ta tashi sai dare ya yi. Abokan hira Allah ya hore mana. Abin da na gani a wajen mutanen nan da ya tsaya mini a rai shi ne, in zamansu ya tashi akwai abin da za a nuna. Mu kuwa majalisa ta shekara ashirin tana zama a kan benci guda mai karyayyiyar ƙafa an tokare ta da bulo, an gyara Najeriya a kansa sau dubu, ba a gyara bencin ba.

Ayyukansu ba wasu manya ba ne. Bencin zama a filin shaƙatawa na unguwa, akwatunan shuka kayan lambu na wata firamare, 'yan motoci da jiragen katako da suke tarawa duk ƙarshen shekara su kai wa yaran da ke kwance a asibiti. Akwai ranar gyara, inda kowa zai kawo kujerarsa mai girgiɗi a ɗaure masa ita kyauta, da sharaɗin ya tsaya ya riƙe, ya ga yadda ake yi. Suna kuma ƙera wa tsuntsayen daji gidaje, har da awon ƙofar shiga: milimita 25 ta ƙananan, 32 ta ɗan abin da ya fi su girma. Na san wani zai ce ƙoshi ne ya yi musu yawa, ban kuma ce ya yi ƙarya ba. Amma hannun da ya iya wannan shi ne zai iya akurkin kaji, da ɗakin tattabaru, da amyar zuma ta zamani.

Babban abin da na ƙaru da shi a wajensu shi ne sha'anin ruwan da ke cikin itace, kuma ya shafe mu fiye da yadda ya shafe su. Kowa a Kano ya san labarin: an kai wa amarya gado da durowa suna ƙyalli, kafin shekara ta zagayo ƙofar durowa ta karkace, saman tebur ya tsage, iyayen amarya suna tsine wa kafinta. Ga yadda abin yake. Katakon da ake saukewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa da ta Rijiyar Lemo mafi yawansa daga dazuzzukan kudu yake, inda iska ke jiƙe shekara duka. An yanke shi, an tsaga, an loda a tirela da ruwansa. Kafinta ya saya yau ya buga gobe, don an ce masa biki saura mako biyu. Sai hunturu ya shigo, laimar iska a Kano ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, itacen ya fara sakin ruwansa. Filanki kuwa ta faɗinsa yake motsewa, tsawonsa kusan ba ya taɓuwa. To ƙusa ta riƙe shi nan da can, ba shi da wurin ja, sai ya tsage a tsakiya ko ya lanƙwashe. Agusta ta zo ya sake shan laima, ƙofa ta kumbura ta ƙi rufuwa. Laifin kafinta yana nan, amma na mai gaggawa ma yana nan.

A garejinmu akwai wata 'yar na'ura mai allura biyu da ake soka wa katako ta faɗi yawan ruwansa. In kayan cikin ɗaki za a yi, sai ya sauko wajen kashi 10 cikin ɗari ake taɓa shi. Tsohuwar ƙa'idarsu ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri, in iska ce kawai za ta busar da shi. Mu ba ma buƙatar wannan dogon jira, ranin Kano zai yi aikin cikin 'yan watanni. Hatsarinmu ma shi ne saurin bushewa, wanda ke fasa bakin filanki. Maganin bai fi ƙarfin kowa ba: a jera katako a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a sa siraran sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a shafa ragowar fenti a bakunan biyu, a danne saman da bulo. Wanda ya san yana da 'ya da za ta yi aure baɗi, ya sayi katakon bana ya ajiye a haka, zai ga bambanci.

Suna kuma ƙyamar dogaro da ƙusa. A huda rami a jikin wannan, a fere harshe a bakin wancan daidai da ramin, a shafa gam a cusa. Kujerar da aka haɗa a haka sai jika ya gaje ta. Ba sabon ilimi ba ne, tsofaffin kafintocinmu sun iya, kasuwa ce ta daina biyan lokacin da yake ci, musamman tunda allunan MDF, na garin katako da aka matse da gam, suka mamaye kayan ɗakin amare, waɗanda ruwa kaɗan in ya taɓa su sai su kumbura su rududduge.

Wani abin da ke ba ni takaici da dariya a lokaci guda shi ne irin girmamawar da suke yi wa itacenmu. Iroko da obeche da sapele, wanda ya ci sunan garin nan na jihar Delta da aka riƙa lodinsa, a nan da tsada ake sayensu, guntun da ya rage ma ba a yarwa. Akwai injin da ke juya itace ana fere shi, da shi suke yin kwanuka. Da na nuna musu hoton akushi da turmi, na ce masassaƙi ne ya yi da gizago kawai, ba inji ba awo, sai suka kewaye wayata suna ta tambaya. Masassaƙanmu sun san itace sani na gaske: ƙirya ta turmi ce saboda tauri, aduwa ta allo, marke na ƙotar fartanya, giginya kuma ita ke ba da azarar da gara ba ta cika ci ba, shi ya sa rufin tsofaffin soraye irin na Gidan Makama ya daɗe haka. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 ya kuma kafa Kasuwar Kurmi, birnin nan da aikin hannu ake saninsa. Yau roba ta kori akushi, injin niƙa yana korar turmi, itatuwan ma suna ƙarewa. Gawayi ya cinye ƙirya. Madobiya kuwa an yi ta kwasarta daga dazukan Taraba da maƙwabta zuwa Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake sa wa ido a cinikin duniya daga 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018.

Mu 'yan boko muna da hannu a lalacewar. An raine mu a kan cewa zarto na wanda karatu ya gagara ne. Ko da tsarin karatu na 6-3-3-4 ya zo a shekarun 1980 da darasin koyon fasaha, injinan da aka sayo daga waje da yawansu a cikin akwatunansu suka tsufa, babu wuta babu malami. Ga shi mun fito, mutum da digiri biyu, marfin taga ya saki sai ya jira kwana uku a kira masa yaro. Alhali ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, alaihis salam, kafinta ne, mumbarin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kuwa wani kafinta bawan wata mata Ba'ansariya ne ya ƙera shi.

Shawarata ba ta buƙatar gwamnati ko rajista. Majalisa guda, mutum takwas ko goma, ku yi adashi ku sayi kayan hannu: zarto biyu, guduma, kurfi, sikwaya, tef ɗin awo, dutsen wasa kaifi, da abin kankare filanki. Babu wanda ke buƙatar lantarki a cikinsu. A sami zaure ko garejin da babu mota, a ware safiyar Asabar daga hantsi zuwa azahar. Sannan a nemi tsohon kafintan unguwa, wanda ƙarfi ya fara ƙarewa amma ido da hannu suna nan, a ɗauke shi malami, a riƙa biyansa. A kira shi Malam, a zauna a gabansa kamar yadda ake zama gaban kowane malami, ko da mai koyon tsohon darakta ne.

Na san abin da za a ce: ai wannan cin abincin kafintoci ne, mutanen da da ƙyar suke samun na cefane. Magana ce mai nauyi, kuma su ma nan sun yi tunaninta, shi ya sa ba sa karɓar kwangila, ba sa yin abin da mai shago zai sayar. Ku ma ku tsaya ga aikin da babu mai biya. Kusan kowace firamaren gwamnati tana da aji guda da aka cika da karyayyun bencina har rufi, yara kuma suna zaune a ƙasa a ajin da ke kusa. Gwamnatin jiha da kanta, lokacin da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ta ce miliyoyin ɗalibai ne ke zama a ƙasa. Cikin wannan tarin, benci uku matattu sukan ba da biyu rayayyu, abin da ake buƙata ƙusa ne da 'yan tu-bai-tu da izinin hedimasta. Ga makarar masallaci da ta saki, ga wurin jera takalma, ga kujerun dattawa masu ciwon gwiwa, ga kantar ajiye Alƙur'anai a Islamiyya. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai sun daɗe suna yashe kwatoci da gyaran maƙabarta a unguwanninmu, wannan ma gayya ce irin tasu. Ni a ganina ma kafinta riba zai ci, don wanda ya taɓa yini yana fama da ƙafar benci guda ba zai sake taya kujera da rabin kuɗinta ba. In an yi hutun makaranta a jawo samari, da 'yan mata in iyaye sun yarda aka kuma ware musu lokacinsu. Dattijuwar nan ma'aikaciyar jinya ta garejinmu ta fi maza da yawa iya haɗa akwati.

Abu biyu na kiyaye lafiya kafin in yi sallama. Ƙurar katako ba abin wasa ba ce, ta iroko da ta MDF musamman, tana jawo asma da ƙaiƙayin fata, saboda haka a sa takunkumi, a yi aiki inda iska ke wucewa, dusar kuma a tara wa masu kiwon kaji in ta zallar katako ce. Na biyu, katakon da ake ɗora kaya a kai a kamfanoni, wanda ake samu da araha a wajen Sharaɗa da Bompai da Challawa, yana da kyau ga mai koyo, amma a duba hatimin da ke gefensa. In an ga HT, da zafi aka kashe ƙwarinsa, babu komai. In MB aka rubuta, da guba aka turara shi, kada a yi abin cin abinci ko abin wasan yara da shi, kada kuma a sa shi a murhu.

Ku gaishe mini da dattawan majalisa da mutanen 'Yan Katako. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
ɗan'uwanku a Sheffield.