Biki ya kai ni Nima, na tarar ana buɗe majalisa

Jiya da daddare na shigo Zariya, har yanzu ƙafafuna a kumbure suke saboda zaman mota, amma nace bari in rubuta tun abin yana da zafi a raina kafin hidimar gida ta ɗauke min hankali. Biki ne ya kai ni Gana, ɗiyar baffana aka aurar a Nima, wata unguwa a Akra, ranar Lahadi 5 ga Janairu 2025. Mahaifin baffan nan ƙanin kakanmu ne, fataucin goro ya kai shi Kumasi, daga can ya gangara Akra ya yi zamansa, ko korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a 1969 bata taso shi ba. Tsofaffin gidanmu har gobe basa cewa Akra, Ankara suke cewa.

Daga Zariya zuwa Legas ba wani labari, motar dare ce kawai da sanyin hunturu. A Mile 2 na shiga ƙaramar mota mai zuwa Akra kai tsaye, muka bi ta Badagry muka tsallaka Seme, muka ratsa Kwatano inda 'yan acaba suka cika titi fal kowa da rigarsa ruwan ɗorawa, muka shiga Togo, Lome kuwa teku na hannun hagunka kana tafiya kana kallonsa har ka isa Aflao, iyakar a cikin gari take sai kace ƙofar kasuwa. Ƙasa huɗu a wuni ɗaya, kuɗi kala uku, naira da sefa da sidi, agogo ma sai da na mayar da shi baya da awa ɗaya.

A ɗaya daga cikin iyakokin nan wani jami'i ya ɓata min rai sosai. Fasfona na ECOWAS ne, katin rigakafin shawara yana ciki, komai ya cika, amma ya juya shi ya juya yace ai sabo ne ba a taɓa buga masa hatimi ba don haka kuɗina daban ne da na sauran. Nace masa ranka ya daɗe a ina aka rubuta haka, kawai sai ya wurga fasfon cikin durowa ya kira na bayana ko kallona bai sake yi ba. Na fi minti arba'in a tsaye cikin rana, direba yana ta min magiya wai ina ɓata wa mutane lokaci, wata dattijuwa 'yar kasuwa da muke mota ɗaya ita ta je ta yi masa magana da yarensu, aka rage, na biya ba don raina ya so ba kuma ba rasit. Abin da ya fi ƙona min rai ba kuɗin ba ne, yadda ya wurga fasfon ne.

A Tudu motar ta sauke mu, kuma sunan unguwar kenan a tsakiyar Akra, Tudu, da Hausa. Akwai Sabon Zango, akwai Fadama inda babban limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu yake zaune, dattijon da ya haura shekara ɗari kuma Kirista da Musulmi kowa na ganin girmansa. Nima kuwa da ka shiga Hausa ce ke tashi ta ko'ina, sai dai Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji, sai kaji ance amarya ya iso, kwana biyu na yi kafin kunnena ya saba. Baffa ya sauke ni a ɗakinsa shi ya koma falo, na yi na yi ya ƙi, yace ɗana ka taso tun daga Zazzau saboda ni sannan ka kwana a kujera, Allah ya kiyaye. Kullum da asuba kafin mu dawo daga masallaci an ajiye min koko da ƙosai, kokon nasu da yaji da citta sosai ya fi namu kaifi, kuma duk garin har waɗanda ba Hausawa ba Hausa koko suke ce masa. Shinkafa da wake suna dafa ta da karan dafi ta yi ja, su zuba taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito, wace suke ce mata, daga wake sunan ya fito. Daɗi kam akwai, amma tsada wallahi, don sidi ɗaya ya haura naira ɗari, duk abin da na saya sai na lissafa a raina in ji gabana ya faɗi, kwano ɗaya na abinci a bakin titi kuɗin cefanen wuni ne a gidana. Su ma kuka suke da sidin, baffa yace shi ya kayar da gwamnati a zaɓen Disamba 2024 ba wani abu ba.

Na so in juyo ranar Litinin, baffa yace ina, ka zo Gana a makon nan ka tafi baka ga 7 ga wata ba, ai baka zo ba. A lokacin ne ya min bayani cewa a ƙasar duk bayan shekara huɗu majalisa tana mutuwa ne da ƙarfe goma sha biyun daren 6 ga Janairu, sabuwa kuma ta zauna a cikin daren nan ba sai gari ya waye ba. Bayan isha'i ni da ƙanin amarya muka hau tirotiro, wato bas ɗinsu ta haya, muka je wajen ginin majalisar ko za mu samu shiga, 'yan sanda sun tare hanya tun daga nesa, ba kati ba shiga. Wanda ya tare mu cikin mutunci ya yi mana magana, har yace mu je mu kalla a talabijin zai fi mana. Muka dawo Nima muka zauna a majalisar samarin layin, an fito da talabijin waje an ɗora a kan benci, ana ta dafa ataya, tsofaffi ma suka jawo kujeru.

Sha biyu na wucewa akawun majalisa ya hau ya jagoranci zaman, don a lokacin ba kakaki ba mambobi, duk zaɓaɓɓu ne kawai. Kujeru 276 ne, majalisa ɗaya tal ba dattawa ba wakilai, mu kuwa 109 da 360 muke ɗauke da su. NDC mai lema ta kwashe 183, NPP mai giwa ta tsira da 88, 'yan indifenda 4, kujera ɗaya ta Ablekuma ta Arewa ba a bayyana wanda ya ci ba saboda rigimar tattara sakamako, don haka mutanen wannan mazaɓa ba su da kowa a zauren a daren. Cassiel Ato Forson na NDC ya tashi ya gabatar da sunan Alban Bagbin a matsayin kakaki, sai Alexander Afenyo-Markin na ɓangaren adawa ya tashi ya mara masa baya, ba wanda ya fito takara da shi. Wani malamin makaranta da ke kusa da ni yace ka ga mutanen nan biyu, watanni uku da suka wuce har kotun ƙoli suka kai juna kan kujeru huɗu da Bagbin yace masu su sun rasa su, yau ga shi shi ne ke goya masa baya. Alƙaliyar alƙalai ta lokacin Gertrude Torkornoo ta rantsar da kakaki, shi kuma ya rantsar da mambobi gaba ɗaya suna tsaye, sannan aka zaɓi mataimaka biyu, Bernard Ahiafor da Andrew Asiamah Amoako, na biyun daga ɓangaren adawa yake, kuma yana cikin mutum huɗun nan da aka yi rigimar kujerunsu.

Wani abu da ban sani ba sai a daren, kakakinsu ba ɗan majalisa ba ne, in ma ɗan majalisa aka zaɓa sai ya ajiye kujerarsa. Nace musu mu namu kakakin Abbas Tajuddeen ɗan majalisar Zariya ne, mazaɓata ma yake wakilta, suka yi ta mamaki wai to in ana rigima tsakanin jam'iyyu ta yaya zai raba gardama. Na ɗan kare namu tsarin, nace ai Bagbin ɗin ma ɗan NDC ne tun 1993 yake majalisa har 2021, ajiye kujera baya cire wa mutum jam'iyya daga zuciya, amma gaskiya a raina na ga hikimar abin.

Samarin duk sun ce zaman bana lami ne, wai in zo in ji na 2021. Baffa da kansa ya karɓe labarin yana yi yana tashi tsaye. A wancan karon kujeru 137 da 137 aka yi kunnen doki, ga ɗan indifenda ɗaya, aka kwana ana zaɓen kakaki ana ture-ture har sojoji suka shiga cikin zauren da bindigogi, ana cikin ƙirga ƙuri'a wani ɗan majalisar NPP Carlos Ahenkorah ya wawuri takardun ƙuri'a ya ruga, Muntaka Mubarak na Asawase a Kumasi, ɗan zango, ya bi shi a guje aka ƙwato, ƙarshe Bagbin ya kayar da Mike Oquaye na NPP ya zama kakaki daga ɓangaren adawa. Yadda suke faɗin sunan Muntaka a Nima kai kace ɗan gidansu ne. Sai wajen ƙarfe uku muka shiga gida.

Barcin awa biyu na yi, muka yi asuba muka kama hanyar dandalin Black Star a ƙafa rabin tafiyar don an rufe tituna. Filin a bakin teku yake, Nkrumah ya gina shi, ga babbar ƙofar nan mai baƙin tauraro a sama da 1957 a jikinta. Mutane kam ban san iyakarsu ba, fari da kore da ja da baƙi ko'ina, mata da kente, wato saƙin gargajiyarsu, 'yan arewacinsu da rigunan saƙi masu faɗi suna juyi rigar na buɗewa kamar lema, masu kakaki na roba sun hana kowa jin kowa. Zafin Akra ba irin namu ba ne, gumi ne ke tsatstsafo maka ko kana inuwa, ruwan leda da ake sayarwa a Nima nan ninki biyu aka sayar mana. Wani yaro mai sayar da tuta yace sidi 20, na taya 10, ya ji Hausata yace kai ɗan Najeriya ne ko, kawo 12 saboda Tinubu baƙonmu ne yau.

To a nan ne abin da ya fi tsaya min a rai ya faru. Ni na ɗauka bikin rantsar da shugaban ƙasa na zo kallo irin namu na Eagle Square, ashe zaman majalisa ne, wancan zaman na dare ne aka ɗage aka dawo da shi fili. Aka shigo da sandar majalisa a gaba kakaki na biye, mambobi suka zauna a ɓangarensu, Bagbin ne ya buɗe zama shi ke ba da izinin komai, sannan aka kira Naana Jane Opoku-Agyemang ta yi rantsuwa, mace ta farko da ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa a Gana, matan da ke gefena har da masu hawaye, bayan ita sabon shugaban ƙasa John Mahama na NDC ya yi tasa ya ɗaga takobin ƙasa filin ya ɗauka gaba ɗaya. Tsarin mulkinsu ne yace a gaban majalisa shugaba zai yi rantsuwa, wato sai wakilan jama'a sun zauna tukuna shi kuma ya zo gabansu. Mu a 2023 an rantsar da shugaban ƙasa 29 ga Mayu, majalisa bata zauna ba sai 13 ga Yuni, kuma sai da shi shugaban ya aika takardar shela sannan aka buɗe ta. Tun ina tsaye a filin nake ta juya wannan a raina, wanda ya riga zama shi ne mai gida, wanda ya zo daga baya shi ne baƙo, kuma ina ganin wannan yana cikin abin da ya sa majalisarmu take yi wa fadar shugaban ƙasa kallon uban gida.

Mahamudu Bawumia na NPP da ya sha kaye yana zaune a wajen tare da shugaba mai barin gado Akufo-Addo, Bawumia ɗin ne ya kira Mahama ya taya shi murna tun washegarin zaɓen 7 ga Disamba kafin hukumar zaɓe ta sanar da sakamako. Baffa shi ya zaɓa, bai ɓoye min ba, 'ya'yansa kuma duk lema suka yi, gida ɗaya tukunya ɗaya, kuma tare muka tafi filin. Cikin baƙi ba wanda aka yi wa ihu kamar Ibrahim Traore na Burkina Faso da ya zo da kakin soja da bindiga a ƙugu, wannan ihun bai min daɗi ba ko kaɗan, a ranar da ake bikin ƙuri'a matasa suna yi wa wanda ya hau mulki da juyin mulki tafi haka, na faɗa wa ƙanin amarya yace yaya ba soja suke so ba, gajiya suka yi da tsadar rayuwa. Ban gamsu ba amma na yi shiru.

Laraba na leƙa Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo da gobara ta cinye daren 2 ga wata, toka da ƙonannen kwano ne kawai, amma har mutane sun fara kafa katako suna sake rumfuna, ya tuna min da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016. Na yi azahar a babban masallacin ƙasa na Kanda da Turkawa suka gina, na sayi kente ƙarami na tsaraba a kasuwar Makola bayan doguwar tayayya.

Alhamis da asuba baffa ya raka ni Tudu, ya cusa min shito kwalba biyu da goro a jaka, ya biya kuɗin motar ban sani ba sai da na je biya. A iyakar nan ban tarar da wancan jami'in ba, na ranar ya buga hatimi ya miƙo min ba magana. Na kwana Legas wajen wani abokina a Agege, washegari na hau motar arewa.