Rashin lafiya ba ya tambayar takardun zama

A shekarar 2025 jihohin Amurka uku, wato Kalifoniya da Ilinoi da Minesota, suka ja da baya daga inshorar lafiyar da suke biya wa baƙin haure daga baitulmalinsu. Dama gwamnatin tarayya ba ta biyan kuɗin Medicaid, wato inshorar lafiyar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ga wanda ba shi da takardun zama, sai dai a larurar gaggawa. Kalifoniya ta buɗe shirinta na Medi-Cal, wato Medicaid ɗin jihar, ga kowane mai ƙaramin ƙarfi, ko da takarda ko babu, a Janairun 2024, amma da kuɗin ya zarce abin da aka ƙiyasta, majalisar jihar ta amince a daina yi wa sababbin manya marasa takardun zama rajista daga Janairun 2026. Ilinoi ta rufe shirin masu shekara 42 zuwa 64, Minesota kuwa ta cire manya ta bar yara.

Hujjarsu giɓin kasafin kuɗi ce, kuma ban raina ta ba, domin mai biyan haraji yana da haƙƙin tambayar inda guminsa ke tafiya. Sai dai tun 1986 dokar ƙasar ta wajabta wa asibitoci duba duk wanda aka kawo sashen gaggawa, ko da takarda ko babu. Ke nan mai ciwon suga da aka hana shi maganin wata-wata zai yi ta jinya a ɗaki har gyambon ƙafarsa ya ruɓe, sannan a kwaso shi ranga-ranga a yanke ƙafar da kuɗin da ya ninka na maganin sau da yawa.

Mu mutanen Kebbi mun san wannan lamari da idonmu. Duk wanda ya taɓa kwana yana jinya a asibitocin Kamba ko Birnin Kebbi ya ga matan da aka ɗauko daga ƙauyukan Nijar da Benin, naƙuda ta yi tsawo, miji yana tsaye a bakin ƙofa yana ƙirga sefa a hannu. Sanƙarau da ƙyanda ma ba sa tsayawa a shingen kwastan. Tunda Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ina fargabar ranar da wani ɗan majalisa zai kawo mana irin wannan ƙudiri, kuma idan ya kawo, ya kamata ya fara faɗa mana wanda zai biya kuɗin tiyatar da za a yi wa matar nan cikin dare.