Tantanin DODAB da Kuskuren da Na Yi a Ɗakin Gwaji

Aikin da aka ba ni a shekarar ƙarshe ta karatun kimiyyar sinadarai shi ne bin diddigin yadda sinadarin wanki yake narkar da wasu 'yan jakunkuna da ake haɗawa a ɗakin gwaji, waɗanda ido ba ya iya gani. Tantaninsu riɓi biyu ne kamar na ƙwayar halitta, amma an gina shi da sinadarin DODAB, wanda kowace ƙwayarsa take da kai mai son ruwa da jela biyu masu gudun ruwa. Tun 1977 masana Kunitake da Okahata suka nuna a Japan cewa irin waɗannan sinadarai na roba suna iya yin wannan tantani.

Ruwan jakunkunan fari-fari yake kamar tsala. Da farko na ɗauka aikin bai wuce in riƙa ɗiga sinadarin wankin, wato Triton X-100, ina jiran ruwan ya washe ba, kuma a kan wannan zato na ɓata mako biyu.

Malamata ce ta zaunar da ni ta zana mini matakai uku na narkewar tantani, waɗanda aka fi dangantawa da wani masani mai suna Lichtenberg. A matakin farko ƙwayoyin sinadarin wankin, masu jela ɗaya da faffaɗan kai, suna kutsawa tsakanin ƙwayoyin tantanin, suna tilasta masa lanƙwasar da ba ta dace da shi ba, har ya ƙoshi. A nan ne ma fari-farin ruwan yakan ƙaru maimakon ya ragu, domin jakunkunan suna kumbura ko suna haɗewa, abin da ni kuma na riƙa sharewa daga littafina a matsayin kuskuren na'ura. A mataki na biyu tantanin yana ɓallewa zuwa ƙananan dunƙule da ake kira misel, waɗanda ƙwayoyin tantanin da na sinadarin wankin suke cakuɗe a cikinsu, a na uku kuma ba abin da ya rage sai su. Kafin ruwan ya yi garau, tantanin ya daɗe da hujewa, abin da ke cikinsa ya zube.

Na kuma gane cewa yawan Triton da na zuba ba shi ne ma'auni ba, sai an gwada shi da yawan DODAB da ke cikin kwalbar, kuma an cire kason da ya tsaya cikin ruwa bai shiga tantani ba.

Sai batun zafi, wanda ya fi ba ni kunya. Jelar DODAB a daskare take har sai zafi ya kai wajen digiri 45 a ma'aunin Salsiyas, kuma daskararren tantani ba ya karɓar baƙo da sauƙi. Ni kuwa a sanyin ɗaki nake aiki, ina karanta sakamako bayan minti biyar, alhali narkewar ba ta kammala ba. Da na maimaita gwajin a digiri 50, na bar kowace kwalba ta kwana, sai matakan uku suka fito a takardata ɗaya bayan ɗaya.