Leda daga ɓawon rogo

Ƙanwata mai karatun kimiyya ta tace sitaci daga ɓawon rogon da masu garin kwaki ke zubarwa, ta dama da ruwa, ɗan ruwan khal da gilisarin, ta ɗora a wuta har ya yi kauri kamar koko. Da ta shanya a faranti ya bushe, sai ga leda shara-shara, in an binne ta ruɓewa take yi. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Ba ta jure ruwa sosai tukuna. Amma Najeriya ce kan gaba a noman rogo a duniya, ga kwatocinmu sun toshe da leda, mahauta na ciro ta daga tumbin awaki. Masu jari, don Allah ku dubi wannan harka.